Zartsi a Banɗakin Iya

Shekarar da ɓarin jikin Iya na hagu ya shanye, babbar 'yarta Khairunnisa ta zo daga Kano ta sa aka fitar wa tsohuwar da banɗaki a cikin ɗakinta, don ta daina ratsa tsakar gida da sanda. Ba tayil aka sa masa ba. Dutsen mabul ne na gaske, baƙi mai ratsin toka-toka, aka yanko shi falle-falle aka lulluɓe bango da daɓe. Na bangon an goge shi har mutum yana ganin fuskarsa, na ƙasan kuma aka bar shi da ɗan kaushi saboda gudun santsi. Aka kafa shawa da ƙarfen dafawa. Har rijiyar burtsatse ta sa aka haƙa a bayan gida, aka ɗora tanki. A Daura, a unguwarsu dai, ba a taɓa ganin irinsa ba. Duk macen da ta zo dubiya sai ta leƙa kafin ta tafi.

Da aka gama aiki Khairunnisa ta koma gidan mijinta da shagonta na atamfa da leshi. Aka bar Siddiƙa da gidan.

Siddiƙa ce autar Iya. Mijinta ya rasu ba su haihu ba, tana fita takaba ta dawo gida da keken ɗinkinta. Ita ke ɗaga Iya da safe, ita ke zaunar da ita a kujerar roba ta yi mata wanka, ta tsane ta, ta shafa mata mai, ta duba tafin ƙafarta saboda ciwon suga. Ɗinkin ma ya ja baya, don masu kawowa sun gaji da jira.

Ruwan burtsatsen ya fito zartsi. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, shayi kuwa ba ya shanyuwa, sai suka koma sayen na sha a wurin 'yan garuwa. Ba a jima ba dutsen ya fara nuna abin da ke cikin ruwan. Duk inda ɗigo ya bushe sai ya bar farin zobe. Zoben suka haɗu suka zama layi-layi daga saman bango zuwa ƙasa. Gindin famfo ya yi ɓawo mai tauri kamar kanwa, hudojin shawa suka toshe har ruwa yana fita a karkace.

Siddiƙa ta sa omo da soso, bai fita ba. Ta sa toka, bai fita ba. Wata maƙwabciya ta ce ta gwada lemun tsami. Ta matse shi a wata kusurwa can ƙasa bayan ƙofa, ta bar shi ya ɗan jima. Farin ya fita, amma ya tafi da sheƙin dutsen. Wurin ya koma fari-fari, ya yi kaushi kamar an goga masa yashi, kuma duk wankin da ta yi bai dawo ba. Ta gane tsami cin dutsen yake. Ta ajiye bokiti a wurin ya rufe tabon, ba ta faɗa wa kowa ba.

Abu ɗaya ta lura yana aiki: in an gama wanka aka bi bangon da busasshen tsumma tun ruwa bai bushe da kansa ba, sabon tabo ba ya zama. Ta yi hakan na ɗan lokaci. Amma lokacin da bangon ke jiƙe shi ne lokacin da Iya ke zaune a jiƙe tana rawar sanyi, kuma hannun Siddiƙa biyu ne. Ta bar bango.

Bayan damina ta sauka Khairunnisa ta zo, tare da wata ƙawarta 'yar Kano da ta daɗe tana ba labarin banɗakin. Suka gaida Iya, aka kawo musu ruwa. Ba su ko gama sha ba Khairunnisa ta ja hannun ƙawar ta tura ƙofar banɗakin. Suka tsaya a bakin ƙofa. Baƙin dutsen ya koma kamar wanda aka watsa wa kamu ya bushe.

Ƙawar ta ce, "Ma sha Allah, an kashe kuɗi a nan." Ta juyo ta zauna, ta shiga duba wayarta.

Khairunnisa ta jira sai da direbanta ya tafi kai ƙawar gidan 'yan'uwanta a cikin gari. Sannan ta sami Siddiƙa a kicin tana tankaɗe.

"Siddiƙa, yaushe rabonki da wanke banɗakin can?"

"Yau da safe, Yaya."

"Ni za ki yi wa ƙarya? Na gani da idona. A cikin wannan ƙazantar kike yi wa Iya wanka?"

"Ba ƙazanta ba ce. Ruwan ne."

"Ruwa ne ke kawo datti a garinku? Mu a wurinmu wankewa yake yi."

Siddiƙa ta ci gaba da tankaɗe. "Ruwan da kika sa aka haƙo ne. Zartsi ne. Na faɗa miki a waya."

"Kin faɗa mini shayi ba ya daɗi. Ba ki ce mini kin mayar da ɗakin wanka turken awaki ba. Ba ki da miji, ba ki da ɗa, ba ki zuwa aiki. Me kike yi tun safe har dare?"

Rariyar ta tsaya a hannun Siddiƙa. Ta ɗago ta dubi yayarta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta mayar da kai.

"Ba na komai," in ji ta.

Washegari da hantsi Khairunnisa ta tafi kasuwa wurin masu sayar da kayan gini. Ta dawo da farar jarka da safar hannu da doguwar tsintsiya. Mai shagon ya ce mata asid ne, da shi magina ke wanke siminti a kan tayil, babu tabon da ke gagararsa. Ba ta ce masa mabul ba ne, shi kuma bai tambaya ba.

Bayan azahar ta sa aka fito da Iya falo, aka kwantar da ita a doguwar kujera. Ta ɗaura tsohon zane, ta sa safar hannu, ta kira ƙanwarta.

"Zo ki tsaya ki ga yadda ake aiki, ko kya koya."

Siddiƙa ta zo ta jingina da bakin ƙofa. Da aka buɗe murfin jarkar warin ya bugi hancinta, wari mai tsami mai yaji, nan take ta san abin da zai faru. Idonta ya kai kan bokitin da ke bayan ƙofa. Kalma ɗaya ta isa. Ta ma buɗe baki. Sai maganar jiya ta dawo mata, ba miji, ba ɗa, ta mayar da bakinta ta rufe.

Khairunnisa ta ce, "Da magana ne?"

"Babu. Banɗakinki ne."

Khairunnisa ta fara watsawa daga saman bango. Ruwan na taɓa dutsen ya hau tafasa, yana kumfa yana tsuwa.

"Kin gani? Dattin wata nawa ne wannan yake narkewa?"

Ta bi bango uku da shi, ta juye sauran a daɓe ta baza da tsintsiya. Kafin ta gama idanunta sun yi ja, tari ya sarƙe ta. Ta fito da baya ta ja ƙofa.

"A bar shi ya jiƙa sosai. In an jima na ɗauraye."

Ba wadda ta faɗa wa Iya abin da ke ciki. Khairunnisa ta ɗauka Siddiƙa za ta faɗa, tunda ita ke kai ta. Siddiƙa kuwa hankalinta na kan abin da yayarta za ta tarar in ta buɗe ƙofar.

A kicin suka sake haɗuwa, faɗan ya tashi daga inda ya kwana. Khairunnisa ta ce ta lura Iya ta rame. Siddiƙa ta ce likita ne ya hana ta tuwon shinkafa da zaƙi. Khairunnisa ta ce wane likita, ita ba a gaya mata ba. Siddiƙa ta ce ranar da suka je asibitin ta kira ta har wayar ta gaji, tana wurin bikin 'yar ƙawarta.

"To ni ce zan bar aurena in dawo in tare a nan?"

"Ba wanda ya ce ki tare. Amma in kin zo ki zo da ladabi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ladabi? Ni kike koya wa ladabi? Na goya ki, Siddiƙa."

"Kin goya ni ina ƙarama. Ki gwada goya Iya."

Ana cikin haka aka kira la'asar. Daga falo muryar Iya ta fito, a hankali, harshen da nauyi kamar yadda yake tun da ciwon ya same ta.

"Auta."

Siddiƙa ta ji. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka alayyahu.

"Ke ake kira," in ji Khairunnisa.

"Alwala take so. Ga buta can, ga ruwa a randa. Tunda kina gari ki kai mata."

"Sunanki ta kira."

"Ai ke ba ta iya kiran naki ne don ke ce ta fari. Ba don ba ki da hannu ba."

"Auta," Iya ta sake kira.

Khairunnisa ta naɗe hannu a ƙirji ta jingina da bango. Siddiƙa ba ta ajiye wuƙa ba. Kowace tana jiran ɗaya ta motsa. Kiran bai sake zuwa ba, suka koma kan maganarsu.

Iya mace ce da ba ta son roƙo. Tun da gashin ƙashi ya fara yi mata aiki take iya tashi da sanda ta ja ƙafar hagu, in dai da abin dafawa. Ta tashi, ta dafa bango, ta shiga ɗakinta. Ƙafar hagun ba ta riƙe silifa, saboda haka ba takalmi take shiga banɗakin, in ta fito Siddiƙa ta wanke mata ƙafa. Ta tura ƙofa ta shiga.

Tari suka fara ji, sannan ƙarar sanda a kan dutse.

Siddiƙa ce ta riga isa. Iya na zaune daɓas a cikin ruwan, zanenta ya sha shi, bakinta a buɗe tana neman numfashi. Siddiƙa ta shiga ba takalmi, ta sa hannu a hammatarta ta jawo ta waje. Khairunnisa ta kama ƙafafu. Suka fitar da ita tsakar gida, suka yaye zanen, suka yi ta kwara mata ruwan randa har ya ƙare, suka koma na famfo. Tafin ƙafarta da gefen cinyarta na hagu sun yi ja, wani wurin ya fara saɓulewa. Iya ba ta yi kuka ba. Gefen ba ya jin zafi sosai, shi ya sa ma ba ta ja da baya ba tun a takun farko.

A asibiti aka wanke ƙunar aka naɗe, aka sa mata na'urar numfashi, aka ce za a riƙe ta saboda sugan. Ma'aikaciyar jinya ta ce su fita baranda su jira. Siddiƙa ta zauna a benci tana duba nata tafin ƙafar da ya yi bororo. Khairunnisa ta tsaya a kanta.

"Da kin tashi lokacin da ta kira ki, da ba mu zo nan ba."

"Da ba ki zuba guba a inda take wanka ba fa?"

"Gyara na zo yi. Ƙazantarki na zo kwashewa."

"Ki je ki buɗe ki ga gyaran. Dutsen da lemun tsami ma cinsa yake, shi kika yi wa wanka da asid."

Khairunnisa ta sunkuyo.

"Ya aka yi kika san lemun tsami na cinsa?"

"Na gwada."

"Yaushe?"

"Da daɗewa."

"Wato kina tsaye a bakin ƙofa kina kallona, kin sani?"

"Na sani."

Khairunnisa ta ɗaga hannu. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta da ke zaune a ƙarshen bencin ta ce, "Haba 'yan nan, asibiti ne fa." Hannun ya sauka. Khairunnisa ta koma can ƙarshen barandar ta tsaya, ta juya baya.

Da safe Kawu Jibril ya iso daga Baure. Ƙanen Iya ne, manomi, yana kuma taɓa cinikin tumaki ranar kasuwa. Bai tambayi kowaccensu komai ba sai da ya shiga ya ga 'yar'uwarsa. An cire mata na'urar, tana kwance tana kallon silin. Ya zauna a gefen gadon, su kuma suka tsaya ɗaya a dama ɗaya a hagu. Khairunnisa ta fara bayani, Siddiƙa ta katse ta, muryoyi suka fara hawa.

"Ku yi mini shiru," in ji Kawu. Ya juya ga Iya. "Yaya, me ya faru?"

Iya ta ɗauki lokaci kafin maganar ta fito.

"Na kira. Suna ji."

Can ta ce, "Jibrilu, ka kai ni Baure."

Siddiƙa ta matso. "Iya, wa zai riƙa yi miki wanka a can? Wa ya san lokacin maganinki?"

Iya ta juyar da fuska wajen bango.

Khairunnisa ta ce, "Kawu, in dai barin gidan ne, gara Kano. Akwai manyan asibitoci, zan ɗauki mai kula da ita."

"Ba ta ce Kano ba," in ji Kawu. "Ranar da aka sallame ta zan zo da mota. Ke Siddiƙa ki haɗa mata kayanta, ki nuna wa matata yadda ake ba ta magani. Bayan nan kowace ta koma inda ta fito. Mai son ganinta ta san hanya."

Haka aka yi. Kafin Khairunnisa ta koma Kano ta shiga banɗakin sau ɗaya. Bangon ya yi dabbare-dabbare, duk inda ruwan ya gangara ya bar hanya fari tas, sheƙin ya tafi. Daɓen ya yi ramuka ƙanana, simintin da ke tsakanin duwatsun ya zaizaye, ƙarfen dafawa ya yi baƙi. Ta kira waɗanda suka yi aikin tun farko. Suka ce bangon zai gogu da inji, amma daɓen sai an ɓamɓare. Suka ce ko an gyara, in ba a sa matatar ruwa a tankin ba kuma ana tsane dutsen bayan wanka, farin zai dawo. Ta ce ta ji. Ta sa kwado ta kulle ƙofar, ta jefa makullin a jakarta. Siddiƙa ta koma wanka da bokiti a tsohon makewayin bayan gida.

Ƙunar Iya ta daɗe ba ta warke ba. Sai bayan an gama girbi naman ya haɗe, kuma zaman da ta yi a kwance ya tafi da 'yar tafiyar da ta samu. Ba ta sake taka ƙasa da sanda ba. Matar Kawu da surukarta ke ɗaga ta. 'Ya'yan nata suna zuwa, amma kowace sai ta kira matar Kawu ta tambaya ko ɗayar tana nan kafin ta taso. In sun zo Iya tana amsa gaisuwa, tana karɓar abin da suka kawo, ta sa albarka a taƙaice. Maganar komawa Daura kuwa, duk wadda ta ɗauko sai ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta.

Wata Juma'a wayar matar Kawu ta lalace, suka yi karo. Siddiƙa na zaune a bakin gado tana yanke wa Iya farce sai ga sallamar Khairunnisa. Siddiƙa ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan har la'asar. Siddiƙa ta riga fita. Ta tsaya a bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya tana jiran motar Daura, ga ranar yamma tana dukan fuskarta, motocin da ke wucewa duk a cike. Can motar Khairunnisa ta fito daga layin gidan Kawu. Ta wuce ta kaɗan, sannan ta tsaya, ta dawo da baya. Gilashin baya ya sauka.

"Ta Daura za mu bi," in ji Khairunnisa, idonta na kan titi. "Za ki shiga?"

"Ina jiran mota."

"Kin san ranar Juma'a ba a samu da wuri."

"Zan jira."

Khairunnisa ta ce wa direba su tafi. Siddiƙa ta gyara mayafinta ta koma cikin inuwa. Sai dab da magariba wata motar ɗaukar buhunan gero ta tsaya, direban ya ce akwai wuri ɗaya a gaba, ta shiga.